Ranar da Miƙau Ya Kwanta

Dalilin da ya sa mayafin-dutse ba ya wuce gwiwar yaro, alhali kowane itace burinsa ya miƙe, shi zan faɗa muku yau, tunda kun ishe ni da tambaya. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Mairaɓa a cikinku ya san shi. Ɗan tsiron nan ne mai ƙananan ganye sirara, wanda ke shimfiɗe a kan duwatsu can ƙoli inda sanyi ya hana komai fitowa, furanninsa jajaye kamar 'yan ƙararrawa, kowane ɗaya ya sunkuyar da kai ƙasa. To, ba haka yake ba tun asali. Ku gyara zama, mai gyaɗa a baki ya haɗiye, don ni ba na maimaita magana.

A da can sunansa Miƙau, kuma shi kaɗai ne irinsa a duk dutsen. Ya fi rimi tsawo nesa ba kusa ba. Idan gajimare ya sauko ya rufe dutsen, kan Miƙau yana can sama yana shan hantsi abinsa. Duk ƙarshen damina yakan yi fure, amma ba mahalukin da ya taɓa ganin furen ɗanye. Sai ya bushe ya yi baƙi, iska ta kakkaɓo shi, mata su share su zubar. Yana magana kamar yadda itatuwa ke yi a wancan zamani, sai dai bai cika yi ba, don a ganinsa babu wani abu a ƙasa da ya isa a saurara. Girman kai dai, ba zan ɓoye muku ba, yana da shi daidai tsawonsa.

Ƙasa da ƙolin kaɗan, inda dutsen ya ɗan yi fili, akwai ƙauyen wasu masu noman acca da kiwon awaki. A nan wata mata take mai suna Barmani, da 'ya'yanta biyu. Babbar ita ce Tanoma, 'yar shekara takwas. Ƙaramin kuwa Jatau, yana goye.

Kun san yadda ake yi da ɗan fari. To, abin da kuke gani yanzu wasa ne a kan na wancan lokaci. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Ana yaye Tanoma kakarta ta wajen uba, Inna Cindo, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, yarinya ta tashi tana ce wa uwarta Yaya. Uwar kuwa ba ta da abin kiranta sai "Ke." In zance ya kama dole a gaban mutane, sai ta ce "'yar Inna," ko "yarinyar nan."

A duk ƙauyen babu wadda ta riƙe wannan al'ada kamar Barmani. Matan gari har misali suke yi da ita. In amarya ta yi ɗan fari ta cika rawar kai a kansa, sai a ce mata, "Je ki koyo wajen Barmani. Kunya sai Barmani." Ita kuma, gaskiya, tana jin daɗin yabon nan, har tafiyarta takan canza in ta ji shi.

Amma kada ku ce ba ta son yarinyar. So kam tana yi mata wanda har ciwo yake sa ta a ƙirji. In an yi miya da nama, tsokar da ta fi kyau ita take tusawa ƙarƙashin tuwon da za a kai ɗakin Inna Cindo, a gefen da ta san yarinyar ke ci. Kullum da safe sai ta fito wai ƙidaya awaki, alhali so take ta ga fitar mai kora su. In kuwa tana da gargaɗin da take so ya shiga kunnen Tanoma, sai ta ɗaga Jatau, jaririn da ko "Inna" bai iya cewa ba, ta yi masa magana da ƙarfi.

"Jatau, ka ji ni da kyau. In gajimare ya rufe ka a kan dutse, ka nemi tsagi ka shiga ka zauna. Kuma duk wanda ya kira sunanka ba ka gan shi da idonka ba, kada ka kuskura ka amsa. Mutanen ɓoye ne, aron murya suke yi."

Jatau ya yi ta zubar da yawu, Tanoma kuwa tana gefe tana ɗaure igiyar akuya, ta ji komai. Sai dai abin da ta gani shi ne ƙanenta a cinya, ana kiran sunansa sau goma kafin rana ta take. Naman nan na ƙarƙashin tuwo kuwa, ta ɗauka sa'arta ce.

Wata rana a ƙarshen damina, mata suna sussukar acca a tsakar gida, sai iska ta watso busassun furannin Miƙau cikin turmin Barmani. Ta tsaya tana tsince su tana tsaki. Can ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ce, "Ni dai kafin in mutu ina so in ga furen nan ɗanye, in ga wane launi Allah ya ba shi." Maganar fatar baki ce, kafin ta sake ɗaga taɓarya ta manta ta yi ta. Ba ta lura da wadda ke zaune a bayan rumbu ba.

Washegari mazan ƙauyen suka sauka kwari cin kasuwa don sayo gishiri, har da mijin Barmani, ba a bar kowa ba sai mata da yara da tsofaffi. Tanoma ta kora awaki da hantsi kamar kullum. Kafin azahar sai sama ta canza. Gajimare ya fara gangarowa daga ƙoli, fari fat, da sanyin nan mai shiga ƙashi. Sai ga awaki sun shigo gida a guje, su kaɗai.

Barmani tana tankaɗe a lokacin. Ta ga awakin, ta ga babu kowa a bayansu, gabanta ya yanke ya faɗi. Amma mata na tsakar gida, kuma uwar 'yar fari ba ta nuna damuwa. Sai ta ci gaba da kaɗa faifai, garin yana zubewa ƙasa ba ta sani ba.

Inna Cindo ce ta rarrafo bakin ƙofa tana dafa bango, don gwiwoyinta sun daɗe da ƙin hawan dutse. Ta yi ta ƙwala kiran jikarta, ba amsa. Sai ta zauna daɓas ta kama kai.

"Wayyo ni! Jiya da la'asar ina kaɗi ta zo ta tambaye ni. Ta ce, 'Inna, in mutum ya kawo wa wani abin da yake so ƙwarai, yakan kira sunansa ya gode masa?' Na ce mata ƙwarai kuwa. Ban tambaye ta dalili ba. Me ta tafi nema, jama'a?"

Ba wadda ta san amsa sai mutum ɗaya. Barmani ta tuna furen da ta ɗaga daga cikin turmi, ta tuna abin da ta faɗa, sai ta ji kamar an soka mata wuƙa. Ta ajiye faifai a hankali. Ta kwance Jatau ta miƙa wa maƙwabciya, ta ɗauki mayafinta.

"Kamar akuya ɗaya ba ta dawo ba," in ji ta. "Bari in duba."

Awaki goma sha huɗu ne, kuma ga su nan goma sha huɗu suna tuƙa a gaban kowa. Matan duk suka kau da kai kamar ba su ga awakin ba.

Tana fita daga idon mutane ta sa gudu. Hanyar ƙoli ta san ta, amma ranar ko tafin hannunta da ƙyar take gani. Yayyafi ya fara, iska na tura ta baya. Tana hawa tana kira, "Ke! Ke 'yar Inna!" Iska ta kwashe kiran ta watsar. Da laluben hannu ta isa gindin Miƙau, a nan ƙafarta ta yi tuntuɓe da wani abu. Ta duƙa ta shafa, sai ta ji sandar kiwon Tanoma ce.

Daga nan ba ta isa ta ƙara taku ba. Bayan Miƙau ƙolin duk tarin duwatsu ne da kwazazzabai masu zurfi, wanda ko da rana tsaka sai an kula. Ta ɗaga sandar ta shiga bugun gindin itacen da iyakar ƙarfinta.

Can sai murya ta sauko daga sama, a hankali, irin ta wanda aka tasa daga gyangyaɗi. "Wane ne ke ƙwanƙwasa mini ƙafa?"

"Ni ce, Baba Miƙau. Barmani, surukar Inna Cindo. Don Allah wata yarinya ta zo nan?"

"Ta zo da hantsi. Ta yi ta tsalle tana roƙon fure, ban tanka mata ba. Da ta gaji na ga ta nufi duwatsun can, wai ko za ta sami wanda ya kai tsawon reshena. Sai gajimare ya rufe."

"Ina take yanzu?"

"Ina zan sani? Kaina yana sama da gajimare, rana nake sha. In na dubi ƙasa ba na ganin komai sai fari."

"To ka sunkuyo ka duba mini, Baba. Sanyin nan zai kashe ta, zane ɗaya ne a jikinta."

Miƙau ya ce, "Itace irina ba ya sunkuyawa rabi. In na kwanta na kwanta ke nan, ba ni ba tashi har abada. Kafin in yi haka, ya kamata in san don wa zan yi. Wace ce ita a wurinki?"

"'Yar gidanmu ce."

"Gidanku mutum nawa ne?"

"Jikar Inna Cindo ce."

"To, Inna Cindo ta hawo ta roƙe ni."

Barmani ta durƙusa a kan duwatsu masu sanyi. Ta ce za ta ba shi awakinta duka. Ya ce me zai yi da awaki, ko so take su cinye shi? Ta ce ga murjanin wuyanta na gado. Ya ce a wuyan wa zai rataya?

"Saurara, Barmani," in ji shi. "Shekara ɗari bakwai nake tsaye. Ba ni da 'ya'yan da ake ci, inuwata ba ta amfanar kowa a wannan sanyi, tsawon nan shi ne kaɗai abin da na mallaka. Ke ma na san ki, iska na kawo mini labari. 'Kunya sai Barmani,' ko ba haka suke cewa ba? Ni da ke duk ɗaya muke, kowa da abin da yake ɗaga kai da shi. Kina so in ajiye nawa, ke kuma ki koma gida da naki ko girgiza bai yi ba. Ba za a yi haka ba. Ki faɗi sunanta, ki faɗi abin da take a wurinki, in ji da kunnena."

Na ga wasunku suna murmushi, wai wannan ai abu ne mai sauƙi. Ba ku sani ba ne. Shekara takwas sunan nan yana bakinta, ba ta taɓa barinsa ya fito ba, ko ita kaɗai a ɗaki. Uwarta ba ta kira sunan ɗanta na fari ba, kakarta ma haka. Sai da ta waiga dama ta waiga hagu a cikin gajimaren nan, kamar matan gari na tsaye suna kallo. Ta buɗe baki, leɓunanta suka motsa, abin da ya fito ko ita ba ta ji shi ba.

"Ban ji ba," in ji Miƙau.

Ta sake, ƙasa-ƙasa.

"Kin manta nisan da ke tsakaninmu? Ban ji ba."

Daidai nan ƙanƙara ta fara sauka, ƙanana, masu zafi a fata. Ɗaya ta bugi Barmani a wuya, sai ta tuna wuyan yarinyar, ɗan siriri, da zanen nan guda ɗaya da ya koɗe. Ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba.

"Tanoma!" Ta ƙwala da muryar da ba ta san tana da ita ba. "Sunanta Tanoma! 'Yata ce, 'yata ta fari, ni na haife ta! In ta mutu a dutsen nan ni ma ba zan sauka ba!"

Duwatsu suka karɓi maganar suka miƙa wa juna, tana gangarawa har cikin ƙauye. Duk matar da ke tsakar gida ranar ta ji ta sarai.

Sai Miƙau ya ce, "Na ji. Matsa gefe."

Bai faɗi irin faɗuwar itacen da aka sare ba. A hankali ya sauko, kamar tsoho zai zauna a tabarma, yana ƙara yana nishi. Da kansa ya taɓa ƙasa sai gangar jikin ta tsattsage ta zama rassa, rassan suka rarrabu suka zama ƙanana, ƙananan suka shiga rarrafe a kan duwatsu ta kowace fuska. Duk tsagin da suka samu sai su kafa saiwa su wuce gaba. Inda suka iske bakin kwazazzabo sai su tsaya cak. Kafin Barmani ta gama share ido, ƙolin nan da yake tsirara ya rufe da ganye, ga furanni jajaye birjik har inda ganinta ya tsaya.

Sai ta ji muryarsa a wajen ƙafafunta, ta zama 'yar ƙarama. "Inda kika ga fure, taka. Inda babu, kada ki sa ƙafa."

Ga furen da ta ce tana so ta gani kafin ta mutu, tana tattaka shi, ko kallo bai ishe ta ba. Ta bi jan nan cikin farin gajimare tana kira. Yanzu da bakin ya buɗe, sunan fita yake yi ba wuya. "Tanoma! Tanoma, ina kike? Tanoma, ki amsa mini!" Ta kira har muryarta ta dushe, ta kai tsakiyar tarin duwatsun, inda tsagogi suka fi ɗari. Shiru kake ji, sai iska.

"Baba Miƙau, ba ka gan ta ba?"

"Ganina ya tafi tare da tsawona, ji kawai ya rage mini. Na toshe bakin kowane tsagi don iska ta daina shiga. Tana da rai, ina jin numfashin yaro a wani wuri nan kusa. Amma akwai abin da ban gane ba. Duk lokacin da kika kira, sai numfashin ya ɗauke, kamar na mai ɓuya."

Barmani ta tsaya. Sai maganarta ta dawo mata, wadda ta yi ta faɗa wa Jatau don wata ta ji: duk wanda ya kira sunanka ba ka gan shi ba, kada ka amsa, aron murya suke yi. Yarinyar ta bi gargaɗin ne tiryan-tiryan. Kuma a duk muryoyin duniya, wace murya ce Tanoma ta tabbata ba za ta taɓa kiran sunanta ba? Sai Barmani ta gane da hannunta ta gina wannan katanga, shekara takwas tana ɗora dutse a kan dutse ana yaba mata.

Amma ba lokacin kuka ba ne. Ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara ɗaurin zane, ta riƙe ƙugu. Ta nemo muryar nan tata ta tsakar gida, mai kaushi, wadda ba ta kallon wanda take yi wa magana.

"Ke! Wane irin shashanci ne wannan? An bar awaki sun koma gida su kaɗai, ga tuwo can yana hucewa, mutum ya zo ya laɓe a dutse! In ba a fito ba yanzun nan, ni da mutum ne!"

Sai wata 'yar murya, tana rawa, daga wani tsagi da bai fi taku biyar da ita ba.

"Na'am, Yaya."

Barmani ta faɗa wurin ta yaye rassan. Ga Tanoma a dunƙule, leɓunanta sun yi fari, haƙora na haɗuwa, ganyen Miƙau ya lulluɓe ta har wuya. Uwar ta jawo ta, ta murza mata hannuwa da ƙafafu har suka ɗan yi ɗumi, sa'an nan ta juya ta durƙusa ta goya ta da mayafi. Rabon da yarinyar ta hau bayan nan tun ranar da aka yaye ta.

Suka kamo hanya, ƙanƙara ta tsaya, gajimare ya fara sirancewa. Sun yi 'yar tafiya sai Tanoma ta yi magana a bayan kunnenta.

"Yaya, ɗazu mutanen ɓoye sun zo. Sun ari muryarki suna ta kiran sunana. Ban amsa ba, kamar yadda kika gaya wa Jatau."

"An kyauta," in ji Barmani.

Suka ƙara taku kaɗan.

"Na san ba ke ba ce," in ji yarinyar. "Amma na yi ta roƙon Allah kada su daina."

Barmani ta tsaya a tsakiyar furannin nan, hawaye na zuba, ba ta ko share su ba. Babu gajimaren da zai ɓoye ta yanzu, kuma ba ta waiga ta ga ko akwai mai kallo ba.

"Ba su ba ne," ta ce. "Ni ce, Tanoma."

Yarinyar ta kifa fuska a tsakanin kafaɗun uwarta ta ƙanƙame ta, har Barmani ta ji ɗumin hawaye ya ratsa mata riga. Can da suka zo wucewa ta gefen wani dutse da ganyen ya haye, sai Tanoma ta miƙa hannu ta tsinko reshe ɗaya mai fure, ta zagayo da shi gaban uwarta.

"Ga shi, Yaya. Ja ne ashe."

Barmani ta karɓa ta duba shi sosai, sai a lokacin ta ga kyansa. "Na gode, Tanoma," in ji ta.

Da suka iso inda gindin Miƙau yake a da, rana ta fito, ta yi la'asar. Babu komai a wurin sai shimfiɗar ganye. Barmani ta durƙusa da goyonta.

"Baba Miƙau, an same ta. Ka gwada tashi mana, ko Allah zai sa."

"Na gaya miki tun farko, ba a yin haka."

"Na cuce ka, Baba."

"Kin cuce ni?" Sai ganyen ya girgiza, ashe dariya yake yi. "Shekara ɗari bakwai ina fure, ba wanda ya taɓa yaba shi, sai shaho da ke zuwa ya ɓata mini reshe ya tafi. Yau yini ɗaya an tsinke shi an yi kyauta da shi, ga ƙudan zuma har sun fara kawo gaisuwa. Kuma ashe duk maganar da ta isa a ji, a nan ƙasa ake yin ta, ƙasa-ƙasa. Ku tafi gida, yarinya na jin yunwa. Ki dai gaya wa awakinku su riƙa ci da tausayi."

Da suka shiga ƙauye mata sun cika tsakar gida. Aka karɓi Tanoma aka kai ta bakin murhu, aka ba ta kunu mai zafi. Sai wata mai ɗan tsawon baki ta gyara murya ta ce, "Ɗazu kam mun ji wata murya daga ƙoli, har na ce ashe Barmani ma..."

"Tsawa ce," in ji Inna Cindo, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ni da nake bakin ƙofa tsawa na ji. Ko akwai wadda ta fi ni kunne a gidan nan?"

Ba a sami wadda ta fi ta ba, maganar ta mutu a nan. Sai dai daga ranar an daina cewa kunya sai Barmani, ita kuma ba ta taɓa neman a dawo da shi ba.

Kada ku zaci ta koma kiran sunan safe da yamma. Ina! Gari na wayewa aka koma "Ke," don al'ada ba ta faɗuwa a yini ɗaya. Amma ranar da aka sake yin miyar nama, Tanoma ta ɗaga tuwo ta ga tsoka a gefenta, sai ta ɗaga ido ta dubi ƙofar ɗakin Yaya. Wannan karon ta san ba sa'a ba ce.

Shi ya sa har yau mayafin-dutse ba ya tashi daga ƙasa, ba ya kuma fitowa sai can ƙoli inda sanyi ke kama yara, kuma in gajimare ya rufe makiyayi, jan furensa yake bi ya sauka lafiya. Furannin ma da kuke gani a sunkuye, saurare suke yi. Matan Mairaɓa sun san haka. In ɗan fari zai yi tafiya mai nisa, uwarsa ba ta rakiya, ba ta ce masa komai. Sai ta hau dutse wai neman akuya, ta duƙa ta raɗa wa furen sunan, ta tsinko reshe ɗaya ta tusa a ƙasan kayansa. Ku 'yan farin da ke zaune a nan kuna cewa ba a son ku, in kun isa masauki ku zazzage jakarku da kyau. Wanda ya ga ɗan busasshen reshe mai jan fure, to, ya amsa, an kira shi.